Sanduna shida, ƙarfe ɗaya, kowace da ranar mutuwarta

Ummi Ɗaliba: Assalamu alaikum iyayena da malamaina na wannan zaure. Aikin kammala karatuna ne ya cije, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Na yi gwajin gajiyar ƙarfe a kan sanduna shida. Daga ƙarfe ɗaya aka yanko su, injin ɗaya ya fere su, mutum ɗaya ya goge su. Na ɗaura kowace a injin gwaji yana ja yana dannewa, miƙewa iri ɗaya, har sai ta tsage. Ɗaya ta mutu a zagaye 2,100 da 'yan kai, wata kuma sai da ta kusa 6,000. Sauran huɗun suna tsakani. To wace lamba zan rubuta a matsayin rayuwar wannan ƙarfe? Na so in tara su in raba shida in huta, amma raina bai kwanta ba. Ko dai injin ne ke da matsala?

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam 'yata. Ni ban yi bokon nan naku ba, amma shekara talatin ina kwance mota ina ɗaurawa. Tirela biyu za su fito rana ɗaya, hanya ɗaya suke bi, kaya ɗaya suke ɗauka, sifirin ɗaya ya karye a wata takwas, na ɗayar ya yi shekara uku. Injinku lafiyarsa ƙalau. Ƙarfe ne haka halinsa yake, kamar 'yan uwa ciki ɗaya.

Malamin Lissafi: Baba ya riga ya ba ki rabin amsa. Da sandunan shida sun mutu a lamba ɗaya, shi ne zan ce injin ya lalace, ko kuma wani ya cika takarda a ɗaki bai yi gwajin ba. Bambancin ninki biyu ko uku ba abin mamaki ba ne a irin wannan gwaji. Kada ki raba shida ki tsaya. Wanda zai ɗauki ƙarfen nan ya sa a injin da mutane za su dogara da shi, ba matsakaicin ne damuwarsa ba. Wadda za ta riga mutuwa ita ce damuwarsa.

Mai Walda: Ku yi haƙuri ku dawo da mu baya kaɗan. Mene ne zagaye? Kuma wannan gajiyar da wadda muke gani a ƙofar gareji da gindin tankin ruwa duk ɗaya ce?

Injiniyan Tabain: Ɗauki wayar ɗaurin rodi a shagonka, ka lanƙwasa ta gaba, ka mai da ta baya. Zagaye ɗaya ke nan. Ci gaba, kafin ka gaji za ta yi zafi a wurin lanƙwasar ta katse. Ba ka taɓa ja da ƙarfin da zai tsinka ta a lokaci guda ba, yau da gobe ce ta kashe ta.

Gajiyar iri biyu ce. Akwai wadda nauyin bai kai ya lanƙwasa ƙarfen ba, yana dai girgiza shi sau miliyoyi, kamar sifirin da Baba ya ambata ko gatarin ƙafar jirgin ƙasa. Ita ce August Wöhler ya yi ta nazari a Jamus tun wajen 1860, lokacin da gatarin jiragen ƙasa ke ta karyewa ba a san dalili ba. Sai ta biyu, irin ta wayarka, inda kowane zagaye yake tura ƙarfen ya wuce inda zai iya komawa yadda yake. Wannan ba ta daɗewa, ɗaruruwa ne ko dubbai, galibi ana sa iyakarta wajen zagaye 10,000. Ni ina kiranta gajiyar gajeren zango. Ita Ummi ke gwadawa.

Baba Makaniki: To ashe na san ta. Manifol ɗin hayaƙi da kan silinda tsakanin bawul biyu. Ba gudu ke tsaga su ba, zafi da sanyi ne. Motar da ake kunnawa a kashe sau ashirin a wuni ta fi saurin tsagewa a nan fiye da wadda ke tashi Kano ba ta tsaya ba sai Legas.

Injiniyan Tabain: Wallahi Baba ka buga daidai. Abin da ya sa aka fara nazarinta ma ke nan. Manson a 1953 da Coffin a 1954, kowa da nasa aikin a Amurka, ɗaya a hukumar binciken jiragen sama, ɗaya a kamfanin General Electric, duk kan ƙarfen da ke zafi ya huce. Suka gano cewa girman miƙewar da ba ta komawa shi ke yanke yawan zagayen da ƙarfe zai yi, kuma dangantakar ba ɗaya bisa ɗaya ba ce. A yawancin ƙarafa, ka ninka miƙewar sau biyu, rayuwar ta koma kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu.

Malamin Lissafi: Nan ne nake so Ummi ta buɗe ido. A lissafin Coffin da Manson akwai wata lamba ta sama da galibi take tsakanin -0.5 da -0.7. Mu ɗauki -0.6. Idan kin yi kuskuren kashi 10 cikin 100 wajen auna miƙewa, rayuwar da za ki lissafo za ta kauce da kusan kashi 15. Wannan a ɗakin gwaji ke nan, inda kike da na'ura maƙale a jikin sandar. A cikin injin da ke aiki wa ya san ainihin zafin da ke gindin rami? Wa ya san yadda direban injin ya tashe shi ranar da yake sauri? Kowane abu da muke zubawa a lissafin yana da nasa rawar. Don haka amsar ma dole ta zo da rawa. Ba za a ce "zai yi zagaye 4,000" ba. Za a ce "cikin guda dubu, guda kaza za su tsage kafin zagaye kaza."

Injiniyan Tabain: Malam, a nan za mu rabu. Mu a fagen aiki ba mu da lokacin zana ƙararrawa, wato zanen nan mai tudu a tsakiya da kuke nuna warwatsuwar sakamako da shi. Ƙa'idar tukwanen matsi ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ASME, ta daɗe da warware wannan tun shekarun 1960. A ɗauki matsakaicin layin gwaji, a raba yawan zagaye da 20, ko a raba nauyin da 2, duk wanda ya fi tsanani shi za a bi. Shi ke nan. An gina tashoshin nukiliya da wannan. Ummi, raba lambarki da 20 ki je ki yi barci.

Ummi Ɗaliba: Yallaɓai da haka ne da na fi kowa murna. Amma idan mai duba aikina ya tambaye ni daga ina 20 ta fito fa?

Malamin Lissafi: Tambaya mai kyau, kuma tana da amsa. Ashirin ɗin nan ninki uku ne aka haɗa: 2 saboda warwatsuwar sakamakon gwaji, 2.5 saboda bambancin girma tsakanin 'yar sanda da ainihin tukunya, 4 saboda kaushin fuska da yanayin wurin aiki. Ka ga ashe ba rarar tsaro ba ce kamar yadda mutane ke zato, gyara ne don a tashi daga ɗakin gwaji zuwa duniya. Kuma Injiniya, ka san abin da ya biyo baya. Gwaje-gwajen farko a cikin iska aka yi su. Daga baya masu bincike a Japan da Amurka suka nuna cewa ruwan zafi na cikin tukunyar nukiliya yana iya rage rayuwar wasu ƙarafa sosai, har ya cinye wannan rarar a wasu yanayi, dole aka ƙara wani gyaran. Abin da nake ƙi game da lamba ɗaya ke nan. Tana ba ka kwanciyar hankali, ba ta gaya maka nawa ya rage a aljihunka ba. Wani wurin 20 ɓarna ce, kana zubar da ƙarfe mai rai. Wani wurin ba ta isa ba.

Injiniyan Tabain: Na yarda ba ta gaya mini. Amma ƙararrawarka da sanduna shida me za ta gaya mini?

Malamin Lissafi: Kaɗan ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba. Ga lissafi mai ɗaci. A ce kin gwada shida duk sun wuce zagaye 2,000 ba wadda ta tsage. Idan ba ki ɗauki wani zato game da siffar rabon ba, abin da za ki iya cewa da tabbacin kashi 95 shi ne aƙalla kashi 61 cikin 100 na irin sandunan za su wuce 2,000. Kashi 61 kawai. Idan kina so ki nuna cewa ƙasa da ɗaya cikin dubu ne zai gaza, ta wannan hanya sai kin gwada kusan 3,000 ba ko ɗaya da ta faɗi. Wa ke da wannan kuɗin? Shi ya sa muke aron siffa. Ko mu ce logaridim ɗin rayuwar yana bin ƙararrawa, ko mu ɗauki rabon Weibull, ɗan Suwidin ɗin nan da ya fito da shi a 1939 ya kuma yaɗa shi a 1951. A tsakiya duka biyun za su zauna wa ɗigonki shida daram. A wutsiya, can wajen ɗaya cikin dubu, sai su raba hanya, Weibull ya fi ba da gajeriyar rayuwa. Kuma ɗigo shida ba za su taɓa gaya miki wanne ne gaskiya ba.

Injiniyan Tabain: Alhamdu lillahi, da bakinka. Ashe kai ma zato kake yi, ka dai sa masa riga da hula.

Malamin Lissafi: Zato ne, amma nawa a rubuce yake, kowa na iya zuwa ya ƙaryata shi. Naka yana ɓoye cikin 20.

Shugaban Zaure: Malamai a yi a hankali, ɗaliba ce ta yi tambaya, kada ku mai da ita 'yar kallon dambe.

Ɗan Jirgi: Ina ta karantawa ina shiru, amma tunda an zo wutsiya bari in sa baki, don mu a gyaran jirgin sama a wutsiyar nan muke kwana.

Faifan da ke riƙe da fukafukan injin jirgi ba a ƙirga masa awa kawai, tashi ake ƙirgawa. Kowane tashi da sauka zagaye ɗaya ne: ya juya da ƙarfi ya yi zafi, ya dawo ya huce. Tsohuwar hanya ita ce a sa iyaka a inda ake sa ran faifai ɗaya cikin kusan 750 ko 1,000 zai fara nuna tsaga mai tsawon kusan milimita 0.8. Da an kai lambar sai a cire duka a jefar. Ku lura, ana jefar da 999 masu lafiya saboda guda ɗaya. Tsada ce mai yawa, amma an yarda da ita.

Duk da haka ga abin da ya faru ranar 19 ga Yuli 1989. Jirgin United mai lamba 232, ƙirar DC-10, ya tashi daga Denver zai je Chicago da mutum 296. Faifan gaba na injin wutsiya ya fashe a sama. Ɓaraguzansa suka yanke bututun man haidrolik guda uku duka, matuƙa suka rasa sitiyari baki ɗaya, da ƙara wuta da ragewa a injinan fiffike biyu suka lallaɓa shi har Sioux City. Mutum fiye da 110 suka rasu, fiye da 180 suka tsira. Faifan kansa sai bayan kusan wata uku aka tsince shi a gonar masara.

Faifan nan bai kai iyakarsa ba. An ba shi zagaye 18,000, ya fashe yana da 15,500 da 'yan kai. Da aka duba sai aka ga tun ranar da aka narka titaniyam ɗin a 1971 akwai wani ɗan gurbi mai tauri da gautsi a ciki, inda naitrojin ya taru. Daga nan tsagar ta tashi, tana tafiya kaɗan-kaɗan shekara goma sha. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ko sanda dubu ka gwada a ɗakin gwaji, da wuya ka ci karo da irin wannan gurbin, don haka ba ya cikin ƙararrawar kowa.

Injiniyan Tabain: To ka gani Malam. Ƙararrawa ba ta cece su ba.

Ɗan Jirgi: Yallaɓai ban gama ba, kuma raba da 20 ma ba lallai ya cece su ba, don ita ma daga sanduna masu tsabta ta samo tushe. Abin da aka yi bayan haɗarin shi ne aka ƙara zurfafa lissafin yiwuwa, ba a watsar da shi ba. Hukumar FAA mai kula da jiragen sama a Amurka da masu ƙera injina suka tattara bayanin sau nawa ake samun irin wannan gurbi a titaniyam da kuma girmansa. Cibiyar Southwest Research da ke Texas ta rubuta manhajar DARWIN. Ita tana tambaya ne kamar haka: mene ne yiwuwar akwai gurbi a faifan, a wane wuri, da wane girma, yaya saurin tafiyar tsagar, kuma idan an duba mene ne yiwuwar mai duba ya gani? Sai a haɗa duka. Abin da ake nema shi ne haɗarin ya sauko wajen ɗaya cikin biliyan a kowane tashi. Aka kuma gyara yadda ake narka ƙarfen.

Baba Makaniki: Ɗana tsaya. Ka ce shekara goma sha tsaga na tafiya. Ba a buɗe injin a duba ne?

Ɗan Jirgi: An duba Baba, har sau shida a rayuwarsa. Ana shafa wani ruwa mai ƙyalli da ke shiga cikin tsaga, a wanke, a haska da fitila ta musamman a ɗaki mai duhu. Dubawar ƙarshe zagaye 760 ne kafin haɗarin, kuma masu bincike sun ce a lokacin tsagar ta kai kusan rabin inci. Har ragowar ruwan ƙyallin aka samu a cikinta. Ruwan ya shiga, ido ne bai gani ba.

Baba Makaniki: Inna lillahi. Ni da nake shirin cewa ku bar lissafi ku riƙa dubawa, gani ya kori ji. Ashe ganin ma yana da nasa.

Malamin Lissafi: Shi ya sa ake auna ganin ma Baba. Ana ba masu duba ƙarafa da aka san inda tsagarsu take, a ƙirga sau nawa suka gano ta kowane tsawo. Daga nan ake cewa tsaga mai tsawo kaza ana ganinta sau 90 cikin 100. Ba a taɓa rubuta 100 cikin 100.

Mai Walda: Ni abin da ya tsaya mini shi ne zancen gurbi. Don mu kullum muna barin gurbi, ko mun so ko ba mu so ba. Ƙurar ilaktirod, ɗan rami, gefen da wuta ta ci. Na taɓa yi wa wani gidan burodi ƙafar tankin da ke zafi ya huce kullum, walda biyu hannuna ɗaya, ta dama ta tsage cikin wata shida, ta hagu har yau tana nan. Da na sa garaida na buɗe ta daman, sai ga baƙin dattin walda kwance a gindi kamar ƙwayar gero. Tun ranar na daina barin yaro ya ɗora layi na biyu bai kankare na farko ba.

Injiniyan Tabain: Tunda kowa na faɗin nasa, bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wataƙila ma Malam ya ji daɗi. Tabain ɗin gas, wato injin da ke juya janareta a tashar wuta, ana ƙirga masa awa ana kuma ƙirga masa tashi, duk wanda ya riga cika shi ke kiran gyara. A jagorar gyaran manyan injinan General Electric, idan injin yana kan cikakken lodi ya faɗi kwatsam, ana lissafa masa kamar tashi takwas, saboda iska mai sanyi ce ke bugun fukafukai masu jan zafi nan take. Yanzu ku tuna yadda babban layin wutar ƙasar nan ke durƙushewa. Duk durƙushewa injinan da ke kai suna shan irin wannan mari. An ƙera su da tunanin za su yi ta juyawa watanni ba tsayawa, mu kuma muna kunnawa muna kashewa, yau babu gas gobe layi ya faɗi.

A wani wuri da na yi aiki, ba zan faɗi ina ba, na tarar ana rubuta faɗuwa a littafi a matsayin tsayawa ta lafiya, don kada lambar ta cika da wuri a ce a kashe kuɗin buɗe injin. Na yi magana aka ce ni sabon zuwa ne. Da aka zo buɗewa, gefen fukafukan layin farko duk ya yi zane-zane kamar tafin ƙafa a hunturu.

Malamin Lissafi: Ban ji daɗi ba Injiniya, tsoro na ji. Wannan ya fi duk abin da muke musu a kai. Ko Monte Carlo na yi, wato kwamfuta ta jefa ƙuri'a sau miliyan tana canza zafi da miƙewa da halin ƙarfe tana tara sakamako, idan tarihin lodin da aka ba ni ƙarya ne, amsar ƙarya ce mai ɗigo huɗu bayan aya. Raba da 20 ɗinka ma haka.

Injiniyan Tabain: A nan kam ba musu.

Ummi Ɗaliba: Malam, idan lodin ba iri ɗaya ba ne fa, yau babba gobe ƙarami? An koya mana ƙa'idar Miner, a tara kason da kowane lodi ya ci, idan ya kai 1 an mutu.

Malamin Lissafi: Palmgren ya fara kawo ta a 1924, Miner ya sake fito da ita a 1945, kuma har yau ita ake amfani da ita don sauƙinta. Amma ba ta san wanne ya riga wanne ba. A gwaji, idan babban lodi ya fara zuwa, sau da yawa ƙarfe na mutuwa kafin jimlar ta kai 1. Idan ƙaramin ne ya fara, tana iya wuce 1. To wannan 1 ɗin ma mai rawa ce. Amma ke lodinki iri ɗaya ne, kada ki jawo wa kanki.

Ɗan Jirgi: Zancen wanne ya riga ya tuna mini da Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet, na Ingila. Biyu suka tarwatse a sama a 1954, ɗaya kusa da tsibirin Elba a Janairu, ɗaya kusa da Naples a Afrilu. Na farkon tashi 1,290 ya yi, na biyun 900. Kamfanin ya gwada wani sashen gangar jirgin tun kafin nan, ya jure fiye da zagaye 10,000, kowa ya saki jiki. Ashe wannan sashen an fara hura masa matsi ninki biyu kafin gwajin gajiyar, wannan ya danne ƙarfen bakin ramuka ya ƙara masa kwana. Jiragen da ke ɗaukar mutane ba a yi musu haka ba. Sai da aka nutsar da jirgi sukutum cikin tankin ruwa a Farnborough ana hurawa ana saki, ya fashe a zagaye 3,057, tsagar ta tashi daga kusurwar wata kafa a jikin gangar. Samfuri ɗaya kamfanin ya dogara da shi tun farko, kuma ba irin na kasuwa ba ne.

Ummi Ɗaliba: Na gode ƙwarai. Amma akwai abin da ban faɗa ba tun farko, kunya ta hana ni. Wani abokin karatuna ya ce in cire ta 2,100 ɗin, wai ta fita daban, idan na cire ta sauran biyar za su yi kyau a zane. Har na goge ta a kwamfuta na sake mayarwa.

Malamin Lissafi: Kada ki cire, kada ki bari, sai kin kalli inda ta karye. Sandar tana hannunki?

Ummi Ɗaliba: Tana cikin leda a jakata, na rubuta wa kowace lamba.

Malamin Lissafi: Madalla. Duba wuri biyu. Idan tsagar ta tashi daidai inda wuƙar na'urar auna miƙewa ta ciji sandar, ko can wajen maƙogwaro kusa da inda injin ya riƙe, ko kika ga sandar ta ɗan karkace, to laifin gwaji ne. Sai ki ware ta, amma ki rubuta a fili cewa kin ware da dalilinki. Idan kuwa a tsakiyar sandar ta tashi, daga cikin naman ƙarfen, ita ce mafi daraja cikin shidan.

Mai Walda: Ƙanwata ki samu gilashin masu gyaran waya ki haska da tocilan daga gefe, ba daga sama ba. Wurin da ta fara zai yi santsi, da layi-layi kamar bakin rafi bayan ruwa ya janye. Inda ta ƙarasa karyewa zai yi kaushi. Bi santsin har inda ya tsuke.

Ummi Ɗaliba: Na duba. Ba a wurin wuƙar ba ne, tsakaninsu ya kai faɗin yatsa. A tsakiya take. Kuma daidai inda santsin ya tsuke, dab da fatar sandar, akwai wani ɗan ɗigo mai duhu, sai na karkata fitilar nake ganinsa. Na duba ta 6,000 ɗin ban ga irinsa ba, ita ta wurare biyu ko uku ma ta fara.

Ɗan Jirgi: Tsigar jikina ta tashi. Ki adana wannan sandar, kada ki haɗa fuskokin biyu suna gogar juna, kuma kada ki sa yatsa a kai.

Injiniyan Tabain: To Malam, yau na ba ka. Da ta bi shawarata ta raba matsakaici da 20 da ba ta ma buɗe ledar ba. Amma ina nan kan bakana, ranar da za ta ƙera abin da mutum zai tsaya a ƙarƙashinsa, da ɗigo shida, ta sa rara mai kauri.

Malamin Lissafi: Ban taɓa cewa kada ta sa ba. Ummi, ga abin da za ki yi. Ki rubuta duka shidan a tebur yadda suka fito. Ki ɗauki logaridim ɗinsu, ki fitar da matsakaici da warwatsuwa. Ki ba da iyakar ƙasa, ki faɗi kashi nawa take rufewa da tabbacin kashi nawa, kuma ki yi amfani da ninkin da ya dace da samfuri shida, don ya fi na samfuri talatin girma nesa ba kusa ba. Takardar ASTM E739, ta lissafin sakamakon gwajin gajiya, za ta taimaka miki idan kina da matakan miƙewa fiye da ɗaya. Ki gwada Weibull ma ki ajiye su gefe da gefe, mai dubawa ya ga yadda wutsiyoyin suka rabu. Sannan ki nemi a ɗaukar miki hoton ɗigon nan da madubin ilaktiron idan akwai mai aiki a kusa da ku, a gane ko datti ne daga narki ko rami.

Ummi Ɗaliba: Namu ya daɗe a lalace, amma an ce akwai a wata makarantar, zan tambayi kuɗin. Sauran ƙarfen da ya rage zai ba ni sanda huɗu. In ƙara su a wannan matakin ko in gwada wata miƙewar daban?

Malamin Lissafi: Idan taken aikinki warwatsuwa ne, ƙara su a nan su zama goma. Idan layin Coffin da Manson kike son zanawa, dole ki je wani matakin. Me aka rubuta a takardar amincewa?

Ummi Ɗaliba: Bari in duba ainihin kalmomin in turo bayan Magariba.

Baba Makaniki: 'Yata idan kin samu hoton ɗigon ki sa mana a nan. Akwai wani kan silinda da na ajiye a bayan shago tun bara, mai motar ya rantse ni na ɗaure shi ba daidai ba. Gobe zan sa yara su wanke shi da fetur in nemo gilashin masu waya.